Kaza Mai Kwanci da Mai Sauya Gashi: Yadda Ake Bi da Su a Gidajen Jos

Idan kaza ta daina ƙwai, masu kiwon gida sukan yi ɗayan biyu: ko su ɗura mata maganin kafso a ruwa, ko su ce ta ƙare, a sa mata wuƙa. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau. Ko kwanci ne ya zo mata, ko gashi take sauyawa. Dukansu suna tsayar da ƙwai, suna ramar da kaza, amma abin da kowanne yake buƙata daban ne. Saboda haka kafin a yi komai, a kama kazar a duba ta.

Mai kwanci za ka same ta a gurbi dare da rana, ta baje jiki. Ka kai hannu ta kumbura gashi, ta yi ƙara, ta sare ka. In ka ɗaga ta ka shafa ƙirjinta za ka ji fata tsirara da ɗumi, don ta fige gashin wurin da kanta domin zafin jikinta ya isa ga ƙwai. Takan fito sau ɗaya ko biyu a yini, ta yi kashi babba mai wari, ta ci da sauri ta koma. Mai sauya gashi ba ruwanta da gurbi. Tana yawo tana ci, sai dai gashi ya cika akurki, wuyanta ya yi tsirara, zankonta ya yanƙwane ya koɗe. Marar lafiya kuma takan takure wuri ɗaya, ido a lumshe, fuka-fukai a sake, ba ta ci, wani lokaci da koren zawo ko wuya a murɗe. Wannan a ware ta nan take, a nemi likitan dabbobi.

In ana son 'yan tsaki

Kajin Hausa su ne gwanayen kwanci. Sukan saka ƙwai 10 zuwa 15 su tsaya su kwanta a kai, shi ya sa ƙwansu na shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Kajin gidan gona irin su ISA Brown, ko Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, an zaɓe su ne don ƙwai, ba kasafai suke kwanci ba. In ma sun fara sukan tashi a tsakiya, don haka kada a ba su amanar ƙwai.

Da farko a tabbatar da gaske take. A bar ta kwana biyu zuwa uku a kan ƙwai biyu da ba a damu da su ba. In ta kwana a gurbi dare uku a jere, ta zauna ke nan. Sagara mai kwancin fari takan yi ɗoki ta watsar, gara kazar da ta taɓa ƙyanƙyasa. A taɓa ƙashin ƙirjinta. In ya fito da kaifi, babu tsoka gefe da gefe, ba za ta iya mako uku a zaune ba, a karya mata kwancin.

Sai a duba ƙuma da ƙwarƙwata, kuma a nan ne aka fi yin asara. Kazar da ke zaune wuri ɗaya ba ta samun birgima a ƙasa yadda ta saba, ƙwari sai su taru su yi ta shan jininta da dare. Ta gaji ta gudu ta bar ƙwai, ko a wayi gari ta mutu a kansu. A buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da kewayen dubura a duba da fitila. In akwai, a barbaɗa mata hodar ƙwari da aka yi don kaji, daga shagon magungunan dabbobi, kafin a sa ƙwai. Kada a yi amfani da maganin feshin gona, ko fiya-fiya, ko kananzir. Suna ratsa fata, kuma ɓawon ƙwai ma yana da ƙananan ƙofofi da tsako ke numfashi ta cikinsu.

Gurbi ya zama kamar santimita 35 zuwa 40 kowane gefe. Kwando, tsohuwar tukunya mai faɗin baki ko akwatin katako duk sun yi. A zuba ƙasa a gindi, a yayyafa toka kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a danna tsakiya ya ɗan lotsa don ƙwai su taru. Kada lotsawar ta yi zurfi har su hau kan juna su fashe. A sa gurbin a lungu mai duhu-duhu, inda sauran kaji ba za su shiga ba, kuma gafiya, ɓera da muzuru ba za su samu hanya ba. Da damina a ɗora shi kan bulo saboda danshi da kwarkwasa. In za a sauya wa kaza wuri, a yi da dare. Da rana za ta koma tsohon gurbinta ta bar ƙwan su huce.

Zaɓen ƙwai

Ƙwan kiret na kasuwa ba ya ƙyanƙyashewa, don kajin da suka saka shi ba su da zakara. A gida, zakara ɗaya ya isa kaji 8 zuwa 10. A zaɓi ƙwan da bai wuce kwana 7 da sakawa ba, in an matsa 10. Matsakaici, mai tsabta, marar tsaga, ba mai siffar banza ba. Kada a wanke shi, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana cire shi. Kafin a sa, a ajiye ƙwan a wuri mai sanyi-sanyi, tsinin yana ƙasa, ba a firji ba.

Ƙaramar kazar Hausa ta ɗauki 8 zuwa 10, babba 12. Da hunturu a rage biyu. Kwaɗayin yawa shi ke ɓata kwanci gaba ɗaya: kaza tana jujjuya ƙwai, na gefe su shiga tsakiya, na tsakiya su fito, to in sun fi ƙarfinta kowanne sai ya sha rabonsa na sanyi. A tsuguna a leƙa ta bayan ta zauna. In ana hango ƙwai ta gefe, sun yi yawa.

A sa su duka rana ɗaya, a yi wa kowanne alama da fensir, a rubuta ranar a jikin bango. Amfanin alamar shi ne in wata kaza ta kutsa ta saka sabo, a gane a cire. In ba haka ba, ranar da na farko suka fito uwar za ta tashi da su ta bar na baya da tsako a ciki.

Ƙwan kaza kwana 21 ne. Na zabo 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida 35. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ya wadata, ana ba kaza ta kwanta a kai kuma tana yi da kyau. In dole sai an haɗa da na kaza, a riga sa na zabo da mako guda. Kwana 35 na agwagwa kuwa ya yi wa ƙaramar kaza tsawo.

Mako ukun zama

A ajiye abinci da ruwa kusa, amma ba a bakin gurbi ba. Ana so ta tashi ta miƙe ƙafa, ta yi kashi a waje. Fitar minti 15 zuwa 30 ba ta cutar da ƙwai. In kwana biyu suka wuce ba a ga alamar ta fito ba, a ɗaga ta a hankali da hantsi, a fara laluba ƙarƙashin fiffikenta, don takan maƙale ƙwai a nan ya faɗi ya fashe. A ba ta tsaba da abincin 'yan tsaki ko na masu tasowa. Na masu ƙwai yana da kalsiyam da yawa, ita kuwa yanzu ba ɓawo take yi ba. A tanadar mata kasko ko rami mai yashi da toka don birgima.

Tsakanin kwana 7 da 10 a haska ƙwan. Da dare, a ɗauki fitilar waya, a naɗe hannu a kanta, a ɗora faffaɗan gefen ƙwai. Mai rai za a ga jijiyoyi ja sun bazu daga wani ɗigo baƙi, wani lokaci har ɗigon ya motsa. Wanda haske ya ratsa fes, zakara bai taka shi ba. Mai jan zobe a ciki ya fara ya mutu. A cire waɗannan biyun. Ɓara-gurbi in ya fashe a gurbi yakan shafe sauran da ruɓa, ya kashe masu rai. In ƙwai ya fashe, a sauya ciyawa, a goge sauran da busasshen ƙyalle. A yi aikin cikin 'yan mintoci a mayar.

Iskar hunturu a Jos bushewa gare ta ƙwarai, takan busar da fatar cikin ƙwai ta manne wa tsako ya kasa fita. A makon ƙarshe a riƙa yayyafa ruwa kaɗan a ƙasar da ke kewaye da gurbi, ba a kan ƙwai ba. Da damina kada a ƙara komai.

Daga kwana 18 a daina taɓa ƙwai, a daina ɗaga kaza. Tsako in ya huda ɓawo yana iya ɗaukar kusan awa 24 kafin ya fito. Kada a ɓare masa. A lokacin jijiyoyin jini ba su gama bushewa ba, cibiyarsa ba ta rufe ba, taimakon gaggawa yakan kashe shi. Wanda ya fito kuma yana da sauran gwaiduwa a ciki da za ta riƙe shi kwana biyu, ba sai an yi sauri da abinci ba. Abin da bai fito ba har kwana 23 a kwashe a binne, a ƙona ciyawar gurbin.

Bayan ƙyanƙyasa

Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma a Jos sanyi da raɓa suna kashe 'yan tsaki kamar yadda shirwa da shaho ke ɗauka. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 daga teku, daren Disamba da Janairu akwai sanyi mai shiga ƙashi, Yuli da Agusta kuma ruwa ba ya ɗagawa. A killace uwa da 'ya'ya aƙalla mako 4. In za a sake su, sai rana ta ɗaga ciyawa ta bushe. Ruwan sha a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Abinci na 'yan tsaki mai furotin kashi 18 zuwa 20, uwar ma ta ci shi. Tsakin masara kaɗai ba ya gina tsako.

Wanda ke da zaɓi ya shirya ƙyanƙyasa ta faɗo a Maris zuwa Afrilu, ko kuwa Oktoba, yadda gashi zai rufe su kafin sanyi ya kankama. Cutar Niyukasul, wadda ke share akurki cikin 'yan kwanaki, ta fi tashi da hunturu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa duk bayan wata 3 zuwa 4. Mai kiwo a Jos, da Vom a bayan gidansa, ba shi da dalilin barin kajinsa babu rigakafi. Rigakafin cutar Gumboro da na ƙyandar kaji a bi jadawalin likita.

Akwai wata dabara mai amfani. Kazar da ta yi mako biyu ko fiye tana kwanci za ta iya karɓar 'yan tsakin da aka sayo, irin Noiler, in ba su wuce kwana 1 zuwa 3 ba. A cusa mata su ƙarƙashin fiffike da dare, a zare ƙwan, a zo da asuba a duba. In tana kiransu, ta karɓa. In tana sara, a kwashe su nan take a sa musu ɗumi. Raba uwa da 'ya'ya a mako 6, bayan gashi ya rufe su, yana sa ta koma ƙwai da wuri.

In ba a son kwancin

Kazar da aka bari a gurbi babu ƙwai ba ta san ta daina ba. Tana iya wuce mako uku tana ramewa a banza. A karya kwancin da wuri, don wadda aka tare a kwanakin farko ta fi saurin komawa ƙwai.

A fara da mai sauƙi: a riƙa kwashe ƙwai sau biyu a yini, a fitar da ita daga gurbi duk lokacin da aka gan ta, da yamma a toshe gurbin a ɗora ta kan sandar kwana tare da sauran. In kwana biyu bai yi ba, a sa ta a keji mai gindin waya, a ɗora kan bulo iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinta, babu ciyawa babu shimfiɗa. Ɗumin ƙirji da duhun gurbi ne ke riƙe kwancin, in ƙirjin ya huce a wuri mai haske sai ya sake ta. Abinci da ruwa su kasance a gabanta kullum. Kejin ya zama a inuwa, inda ruwan sama da iskar dare ba sa bugu. Kwana 3 zuwa 5. A sake ta da safe a zuba ido: in ta nufi gurbi kai tsaye, a ƙara mata kwana biyu. In ta shiga tono tare da 'yan uwanta, an gama. Ƙwai yakan dawo cikin mako ɗaya zuwa uku.

Tsoma kaza a ruwan sanyi, soke mata gashi a hanci, ɗaure ta da ƙafa ɗaya, hana ta abinci, duk azaba ce da ba ta da amfani. Jiƙa kaza a sanyin Jos ma hanyar rasa ta ce.

Sauyin gashi

Kaza takan yi babban sauyin gashi na farko tana da wata 15 zuwa 18, daga nan kusan sau ɗaya a shekara. A ƙasashen Turai gajartar yini ce ke tayar da shi. A nan tsawon yini bai cika sauyawa da yawa ba, don haka ba shi da tsayayyen wata. Yakan biyo bayan doguwar saka, ko bayan kwanci da reno, ko wata wahala: yini guda babu ruwa, ƙarancin abinci, ciwo, sauyin gida. In kaji da yawa suka fara zubar da gashi lokaci ɗaya ba zato, a fara tambayar ko ruwansu ya yanke.

Yana bin tsari: kai, wuya, ƙirji, jiki, fuka-fukai, sannan jela. Shaidarsa ita ce sabon tsiro, gajerun tsinkaye masu duhu da ke fitowa inda tsohon ya zube, fata kuma lafiya. In babu tsiro, wani abu ne daban. Gadon baya kaɗai ya fige da karyayyen gashi, zakara ne ya matsa mata. Kewayen jela da rauni, sauran kaji ne ke caccaka, yawanci saboda cunkoso ko ƙarancin furotin. Fata ja da fararen ƙwayaye manne a gindin gashi, ƙwarƙwata ce. Akwai kuma kajin da halittarsu ce wuya babu gashi.

Sauyin yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, na wasu har 16. Fiffike yana nuna inda aka kwana. A buɗe shi: akwai dogayen gashi 10 a ɓangaren waje, suna zubewa daga ciki zuwa baki, kowanne yana ɗaukar kamar mako 6 kafin ya kammala. Kazar da ta zubar da uku ko huɗu a tare ta koma abin tausayi, ita ce mai saurin gamawa, kuma yawanci ita ce mai yawan ƙwai. Wadda ta fara da wuri tana zubar da ɗai-ɗai, kullum fes da ita, ita ce mai cin abinci a banza. Masu kiwo da yawa sukan yanka ta farkon don muninta su bar ta biyun.

Abincinta

Gashi kusan dukansa furotin ne, sama da kashi 80 cikin ɗari. Jiki bai cika iya yin gashi da ƙwai a tare ba, shi ya sa ƙwai ke tsayawa. Abincin masu ƙwai yana da furotin kashi 16 zuwa 17, mai sauya gashi tana son 18 zuwa 20. Hanya mafi sauƙi: kilo 9 na abincin masu ƙwai na buhu, Vital Feed da ake yi a Bukuru ko wani mai kyau, a haɗa da kilo 1 na tunkuza busasshiya ko soyayyen waken suya da aka niƙa. Zai kai kashi 18 zuwa 19.

Mai haɗawa da kansa daga kasuwar Katako, ga awo a kilo 10: masara ko dawa 6, soyayyen waken suya 2 da rabi, dusar alkama 1, garin kifi rabi. Ya kusa kashi 19. A ƙara garin ƙashi da sinadarin bitamin na kaji bisa awon da ke jikin leda. A auna da sikeli, mudu yana ruɗi. Babbar kazar gidan gona tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, ruwa kuma kusan ninkin haka.

Waken suya dole a soya shi ko a dafa, ɗanye yana hana narkewar furotin. Ƙuli-ƙuli mai gishiri da yaji bai dace ba. Gyada ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, gubarta tana lalata hanta. Gara, fara, tsutsa da ganyen zogale ƙari ne mai kyau. A rage watsa tsaba da ragowar tuwo, suna cika ciki su hana ta cin mai gina jiki. Dakakken ɓawon ƙwai ko garin ƙashi a sa a kwano daban, mai buƙata ta ɗiba.

Sanyi da rauni

Kazar da ta fige a Disamba tana ƙona abincinta wajen neman ɗumi. A toshe gefen da iskar hunturu ke bugowa, gabas da arewa, da buhu ko tabarma, a bar sama a buɗe don iska ta fita. A zuba garin katako ko buntun shinkafa mai kauri, a riƙa sauya wanda ya jiƙe. Kada a kai gawayi cikin rufaffen akurki.

Sabon tsiro yana da jini a ciki kuma yana ciwo. A rage kama ta, kada a yanke mata fiffike a wannan lokaci, a raba ta da zakara in yana damunta. In tsiro ya karye jini ya fito, a danna da auduga, a shafa shuɗin maganin GV, a ware ta har ya bushe, don kaji in suka ga ja ba sa bari. Kada a kawo sababbin kaji cikin garke a wannan tsakani. Dabarar nan ta hana kaji abinci don tilasta musu sauya gashi, da wasu manyan gonaki ke yi, ba ta gida ba ce, kashe raunana take yi.

In ta kusa komawa ƙwai zanko zai cika ya yi ja, dubura ta yi laushi da danshi. A laluba ƙasusuwa biyu da ke gefen duburar: yatsa ɗaya ya shiga tsakaninsu, da saura, biyu zuwa uku, ƙwai yana hanya. Daga nan a mayar da ita abincin masu ƙwai a hankali cikin mako guda, ana gauraya tsoho da sabo. Ƙwan bayan sauyin gashi yakan fi girma da ƙwarin ɓawo, ko da yake yawansa ba ya kai na shekarar farko. Kazar da ta wuce wata huɗu gashi bai cika ba, a kai kashinta a duba tsutsar ciki, a sake bin jikinta da fitila da dare a nemi ƙuma.